Masu Jiran Aski

"Dogo, kada ka zauna nan, akwai mutum."

Na riga na lanƙwasa gwiwa zan sauke jikina a benci, sai na tsaya a haka kamar mai ciwon baya. Na duba. Katako ne kawai, sai tsohuwar jarida a gefe. Mai Aski yana kan kujerarsa mai juyawa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana haki.

"Wane mutum?"

"Mai Gyaran Agogo. Kusa da shi Hedimasta. Matsa can ƙarshe."

Mai Gyaran Agogo dai da ni aka kai shi makwancinsa shekara shida da suka wuce. Hedimasta ma ya riga shi. Na matsa ƙarshen bencin na zauna da rabin ɗuwawu.

Shekara talatin muna katanga ɗaya da Mai Aski, kuma duk shekarun shi yake min aski. Shagonsa na bakin layinmu, taku tamanin daga ƙofar gidansa. Da ciwon karkarwa ya kama shi, wanda likita ya kira Fakinsin, ya taɓa yanka min kunne. Ɗan tsaga ne, ko jinin kirki bai fita ba, amma ni da baƙar zuciyata na koma wurin masu inji a bakin titi. Sauran masu zuwa aski ma a hankali duk suka zame. Shi kuwa bai daina buɗe shago ba.

Ƙwaya ce yake sha sau uku a rana. In ya sha, jikin ya saki na awa biyu, ya tako zuwa shago, ya share, ya goge almakashi. Likita ne ma ya ce ya riƙa motsa jiki. To amma wannan ɗan aikin ya isa ya zubar da shi a kujera kamar jiƙaƙƙen tsumma, ga maganin yana sa shi gyangyaɗi. A wannan tsakanin su Hedimasta suke zuwa.

"Suna maka magana?" na tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Jira kawai suke yi. Ka san Hedimasta da ma ba ya son surutu."

"Ba ka jin tsoro?"

"Tsoron me? Na san maganin ne, Dogo, ban haukace ba. Amma sai na gaji liƙis suke cika bencin. Ranar da na yini a gida ko ɗaya ba ya leƙowa." Ya share baki da bayan hannu. "Don Allah kada ka gaya wa Auta."

Auta 'yarsa ce, ita kaɗai ta rage a gidan tana kula da shi. Na ce masa bakina ƙanin ƙafata.

Kwana huɗu na riƙe. A na biyar na wuce da hantsi na tarar ya share shagon sau biyu yana kan na uku, ya ɗebo ruwa a bokiti daga famfon bayan shago, da gangan, don ya gaji. Da ya miƙe jiri ya kwashe shi, goshinsa ya daki ƙofa. Da na ɗaga shi akwai reza a buɗe a hannunsa, wai Mai Gyaran Agogo ya daɗe a layi. Wallahi na tsorata. Da yamma na tari Auta tana dawowa daga aiki.

"Kawu, tun yaushe ka sani?"

"Kwana biyar."

"Kwana biyar, kana kallonsa da reza?" Idonta ya ciko. Washegari ta kai shi asibiti, likita ya rage maganin.

Cikin kwana goma jikin ya sandare. Taku tamanin ɗin nan ya koma tafiyar rabin awa, yana jan ƙafa, yana dafa bango, wani lokacin ƙafar ta kafe a tsakiyar layi sai an zo an taɓa shi. In ya isa, ko tsintsiya ba ya iya ɗagawa. Na shiga wata rana na tsaya daga bakin ƙofa, don na saba jiran ya nuna min inda zan zauna.

"Zauna ko'ina," ya ce. Muryar ta shige ciki, sai ka kasa kunne. "Babu kowa."

Na zauna.

"Kai ne ka gaya wa Auta ko?"

"Ni ne."

"To."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Daga ranar kullum ina shagon. Nakan zauna a tsakiyar benci in baje ƙafafu, in kawo masa labarin unguwa, har da na ƙarya. Shi dai idonsa na wuce ni, ya dubi damana ya dubi haguna. Wata rana na cire hula na ce, "Taso ka rage min sumar nan, ta dame ni."

Ya dubi hannunsa da ke rawa a kan cinya. "Lokacin da hannun yake ɗagawa ba ka zo ba."

Na mayar da hulata.

Ranar wata Alhamis na makara, sai wajen sha ɗaya na isa. Tun daga nesa na ga gaban shagon a jiƙe. An share ciki ƙal, an wanke taga, bokiti biyu cike da ruwa a bakin ƙofa. Yadda ya yi wannan aikin da wannan jikin, Allah kaɗai ya sani. Yana kan kujera, ya juya ta tana fuskantar benci, zanen aski a ninke a hannunsa. Na kira shi sau uku. Da na taɓa wuyansa akwai sauran ɗumi.

Likita ya ce zuciya ce ta gaza. Auta ta ce, "Kawu, daidai ka yi, kada ka sa wa ranka komai." Matata ma haka ta ce, kowa haka yake cewa. Ni abin da ke cina guda ɗaya ne, kuma babu wanda zan tambaya: da ya gama wahalar nan ya zauna, sun zo masa ko ba su zo ba?

Bayan sati biyu Auta ta ce a kwashe kayan shagon. Ni na hau kujera na ciro babban madubin daga ƙusa. Da na sauko da shi, sai ga bencin a ciki, a bayana, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ban bari idona ya tsaya a kai ba. Na juya fuskar madubin na manna ta a ƙirjina, na fita da shi a haka.