Kati na Bakwai

Tela bai yi nisa a boko ba, amma tun da autarsa ta shiga makarantar koyon gwajin jini ya zama malaminta ƙarfi da yaji. Kullum da yamma sai ta zo shago, ta ture tarin yadi gefe, ta miƙa masa katunan bitar jarrabawarta. Shi ya karanto sunan cuta, ita ta kawo bayani. Sunayen kuwa sai ka ce don a karya harshen tsoho aka ƙirƙiro su.

"Me-ga-lo-bilastik," ya ce yana gyara tabarau. "Wannan kuma wane ne?"

"Ƙarancin jini ne, Baba. Idan jiki ya rasa bitamin B12 ko folik asid, sai ƙwayoyin jini su yi girman banza, ba aikin kirki."

"Kamar dai yayanki."

Kati na bakwai ne ba ya so. Fanishos: ƙarancin jinin da ke zuwa idan ciki ya kasa karɓar B12 kome cin mutum. Da an zo nan sai Auta ta rage sauri, ta jero alamomin ɗaya bayan ɗaya. Kasala, haki, harshe ya yi sumul yana raɗaɗi, yatsu su riƙa yi kamar ana soka musu allura, daga baya su daina ji.

Wata huɗu ke nan allura na suɓuce masa. Ɗinkin maɓalli ma maƙwabcinsa yake kai wa, wai ido ne. Bai gaya wa kowa ba, domin tsoro yake ji. Shekara arba'in da yatsun nan yake ciyar da gida, kuma ba ya son ranar da likita zai ce sun gama aiki.

Ran nan sai ya kife katin a cinya.

"Idan aka ƙyale shi fa?"

"Jijiya tana iya lalacewa, ta ƙi dawowa."

"Idan aka yi da wuri?"

"A gwada jini. In shi ne, allura ce, lokaci-lokaci, har tsawon rai. Mutum ya ci gaba da aikinsa."

Ya ɗauki katin yana jujjuya shi. Sai yanzu ya lura ya fi sauran tsufa, gefensa duk ya lanƙwashe.

"Wai yaushe ne jarrabawar nan taki?"

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da ragowar zare.

"An yi tun watan jiya, Baba. Na ci."

"Ja'ira," ya ce.

Ya kai hannu kan tebur zai ɗauki allura, a gabanta, ba ɓoyo. Sau uku tana zame masa. Ya bar ta a nan.

"Ke za ki ɗebi jinin?"

"Ni ce. Gobe ƙarfe takwas."

Ya ɗora hannunsa a tafin nata.

"To ki bi a hankali, Auta. Hannun aiki ne."