Ganyen da Muka Ci a Gidan Shigeharu

A ƙauyenmu ba a taɓa ƙasa sai dusar ƙanƙara ta gama narkewa, wajen tsakiyar Afrilu. Da ta narke kuwa, kowa sai ya fito da fartanya. Ni matata ta rasu, lambuna kuma bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, shi ya sa duk shekara nakan tsallaka shinge in taya maƙwabcina Shigeharu shuka dankali.

Lambun gidansu kashi biyu ne. Gabas na Shigeharu: dankali, alayyafo, karas, da layin nira, ganyen nan mai kama da lawashin albasa da ke tohowa da kansa kowace shekara. Yamma na matarsa Kinuko, furanni zalla. Tun suna da ƙuruciya suke rigima a kan iyakar. Shi ya ce fure ba ya cika ciki, ita ta ce ba don furanninta ba ko ƙudan zuma ɗaya ba zai leƙo kabewarsa ba. In ta juya baya ya ci mata taku ɗaya, in ya tafi kamun kifi ta maido da abinta har da ƙari.

Ranar da abin ya faru, Kinuko ta shiga bas ta tafi garin Yonezawa gaida yayarta. Mu kuma muka duƙufa jan kunya tun da safe. Mura ta toshe wa Shigeharu hanci, idonsa sai ruwa yake, amma bakinsa bai mutu ba.

"Genzo-san, wannan kunya ce, ko maciji ne ya bi ta wurin?"

Na ce, "Ka ciyar da ni tukuna, za ka ga ta miƙe."

Da rana ta take ya ɗauki lauje ya nufi layin nira. Ina ji yana yabon kansa.

"Kai, bana nira ta yi kyau! Dubi faɗin ganye. Takin kajin da tsohuwar nan take toshe wa hanci ne ya yi aiki."

Ya soya ganyen da ƙwai, muka zauna a baranda da shinkafa. Na ji ɗan ɗaci, ban kuma ji ƙamshin nan mai kama da na tafarnuwa ba, amma na ɗauka hannun namiji ne a girki. Kaɗan na ci. Shi kam ya share kwanonsa ya ƙara.

Ba mu gama shan shayi ba na ji miyau ya cika mini baki, wata zufa mai sanyi ta karyo mini. Na dubi Shigeharu, sai na ga fuskarsa ta yi fari fat. Ya buɗe baki zai yi magana, sai amai. Ya zame daga baranda ya durƙusa a ƙasa yana ta kwarawa, jikinsa na karkarwa. Kafin in kai gare shi ni ma nawa ya taso.

A haka Kinuko ta shigo da ledar tsaraba a hannu. Ta yi turus.

"Baban yara! Me kuka sha da rana tsaka?"

Kwanon kawai ya nuna. Ta ɗauki ragowar ɗanyen ganyen da ke cikin kwando, ta murza, ta kai hanci. Sai na ga ledar ta sulale daga hannunta. Ta ruga lambu a guje, daga can na ji ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba.

"Suisen ne! Suisen ɗina kuka ci!"

Suisen, furen nan mai ruwan ɗorawa. Kafin ya yi fure, ganyensa da na nira sai hanci ke raba su, kuma guba ne tun daga ganye har saiwa. Ashe a kakar da ta wuce, lokacin da ciwon baya ya kwantar da mijinta, ta binne kawunan furen a bakin layin nira, don in sun buɗe ya ga iyaka ta matsa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Motar asibiti ta kwashe mu. Ni ƙarin ruwa aka yi mini aka sallame ni da yamma. Shi aka riƙe shi, don jininsa ya faɗi, likita kuma ya ce a shekarunsa ba ya son yadda zuciyar ke bugawa. Da zan fita na iske Kinuko a kan benci, hannayenta duk busasshen taɓo. Na yi mata magana, ba ta ɗago ba.

"Ni na shuka," ta ce. "Da hannuna."

Washegari da sassafe ta zo aron baro. Na ba ta ban tambaya ba, na koma na kwanta, don har lokacin ban gama warwarewa ba. Sai da rana ta yi sanyi na leƙa ta shinge, na kuwa tsaya baki buɗe. Babu komai a yamma. Ta tumɓuke suisen, ta bi sauran furannin duka, har wardin da ta zo da shi daga gidan iyayenta ta sare shi, sai kututture. Komai na jibge a bayan rumfa, ita kuma tana tsaye a tsakiyar baƙar ƙasa, ƙaya ta yayyage mata hannu.

"Kinuko-san, me kika yi haka? Ai wardi bai taɓa kashe kowa ba!"

"Genzo-san, in na rufe ido fuskarsa nake gani. Ba na son in ƙara ganin abin da ba a ci a lambun nan."

Bayan 'yan kwanaki aka sallami Shigeharu. Ni na kama shi ya fito daga tasi, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Bai shiga ɗaki ba, ya ce sai ya ga dankalinsa. Muna shan kwanar gidan ya tsaya cak. Na ji hannunsa ya matse nawa.

"Wa ya yi wannan?"

Kinuko ta ce daga bayanmu, "Ni ce. Duka naka ne yanzu. Ka shuka abin da kake so."

Mutumin da na sha jin yana cewa zai kai dankali har bakin katanga, na zaci ko ƙyalewa zai yi. Sai ya juyo gare ta.

"Kin haukace ne? Wa ya ce miki ina so? Ni na yanka, ni da mataccen hancina! Yanzu in na ɗago daga kunya me zan kalla, shanyar Genzo?"

Ya fizge hannunsa daga nawa, ya taka da ƙyar zuwa bayan rumfa, ya durƙusa gaban tarin, filastar allura na manne a bayan hannunsa. Ya shiga tonawa yana ware kawunan da ba su ruɓe ba. Kinuko, wadda ko a asibiti ban ga hawayenta ba, ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

Abin da ya tsira mun binne shi a ƙofar gida, bakin hanya, nesa da duk abin da ake ci. Kaɗan ne suka rayu. Wardin kuwa reshe ɗaya ne ya sake tohowa.

Yamman lambun haka ya zauna fayau har damina ta wuce. Ita ta ƙi shukawa, shi ma ya ƙi. Da ciyawa ta fara tsallako mini shinge, ni na riƙa shiga ina nome ta.