Kazar da Ba a Gani

Shekarar da Nasara suka kafa bariki a Filinge, sun kwashi maza ɗaukar kaya zuwa gabas, har da Kailu, mijin Muna. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, shiru kake ji. Amma kowace magariba sai Muna ta shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ta ajiye akushinsa a rufe, yara su zauna kewaye da shi su ci tuwo. Ba mai tsallake buzun nan. Mutanen gari suka ce ta zautu. Ni dai ban ga hauka ba, kewa na gani, kuma ta ba ni tausayi.

Dangin miji suka yanke a raba yaran riƙo, a kai wasu garin Tabla, wasu Bonkuku. Bayan girbi Lawali, wan Kailu, ya iso da jakinsa don ya kwashe su. Ya tarar da su zaune kewaye da buzun, taurari sun fara fitowa.

"Muna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Gida ba namiji watsewa shikai."

Ba ta yi musu ba, sai ta nuna gabas. "Yaya, mi ka gani can?"

"Kaza da ɗiyanta mana."

"Ɗiyan kam na gane su. Ina kazar?"

Tun yana yaro Lawali yake kiran taurarin da sunan nan, bai taɓa neman uwar ba.

"Baƙa ta, launin dare gare ta," in ji Muna. "Da ba ta nan, da tuni sun watse cikin sama."

Lawali ya daɗe yana kallo. Sai ya ga kamar ƴan tsakin suna motsi a hankali, kowane ya karkata wajen wani abu mai ɗumi. Duhun da ke tsakaninsu ya yi kauri, har da nauyi, kamar yana numfashi.

Ya girgiza kai, ya miƙe zai ɗauki autar. Buzun na tsakaninsu. Ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a iska. Ya mayar da ita, ya kewaya.

Da safe jakin ya koma ba kowa a bayansa. Damin geron da ya zo da shi na guzurin yara yana nan jingine kusa da buzun.