Ranar da Linux Ya Tashi a Daudawa

Hamida 'yar Ƙanƙara ce, aure ne ya kai ta Daudawa. Ta karanta kimiyyar kwamfuta, ta kuma koyar a wata makarantar 'yan mata har lokacin da aka rufe makarantu saboda masu satar mutane. Mijinta Nasir manomin masara ne, mutum mai sanyin magana. Bai san kan aikinta ba ko kaɗan, amma in ya zauna a majalisa sai ya yi ta taƙama da shi.

Akwai wani tsarin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ake kira RISC-V. Waɗanda suka tsara shi sun bar shi a buɗe, kowa na iya karanta yadda yake aiki ya ƙera nasa ba tare da neman izinin wani kamfani ba. Hamida ba ta da masana'anta, tsohuwar laftof ce da ita da farantin sola ɗaya a kan rufin kwano. Sai ta zauna tana rubuta manhajar da za ta kwaikwayi furosesan: ta ɗauko umarni, ta gane abin da yake nufi, ta aikata shi, ta ɗauko na gaba. Burinta shi ne Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya zaci a kan ƙarfe na gaske yake, ya tashi. Da wannan aikin take son neman gurbin digiri na biyu.

Linux kuwa ya ƙi. Yakan fara, ya rubuta 'yan layuka a baƙin allo, sai ya tsaya cik kamar jakin da ya ga ruwa. Ta san amsar tana cikin kashi na biyu na bayanin furosesan, wanda ba ta sauke daga intanet ba tukuna. Ana cikin haka aka katse sabis ɗin waya a duk yankin, aka ce don a toshe bakin masu kai wa ɓarayin daji rahoto.

Nasir ne ya ce ya ji akwai wani dutse a wajen Sabuwa da sabis ke faɗowa kansa daga ƙetaren iyakar jiha. Ta ce ya bari, hanya ba kyau. Ya ce dama yana son gaida gwaggonsa a can. Ta nuna mishi inda zai danna a wayarta ya sauko mata da bayanin, ya tafi. Ya dawo da fayil ɗin da ba shi ba, ya sake komawa, ya hau dutsen da rana tsaka, ya ɗaga waya sama kowa yana ganinsa. A karo na biyu ya kawo na daidai.

Matsalar agogo ce. Linux yana jiran agogon furosesa ya riƙa taɓa shi lokaci zuwa lokaci don ya sauya aiki, ita kuma agogon da ta rubuta yana tafiya amma ba ya taɓa kowa. Wata safiya da kaka, bayan Nasir ya fita gona, ta gyara wurin. Layuka suka zubo, suka wuce inda suka saba tsayawa, suka ci gaba. Tana riƙe da baki lokacin da ta ji ƙarar farko daga yamma, sannan harbi ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa. A allo, Linux ya gama tashi, wata 'yar alama tana ƙyaftawa, yana jiran ta rubuta mishi umarni. Ta rufe laftof ɗin, ta fizgo 'yarsu Nana daga tsakar gida suka kwanta a bayan gado.

Ɓarayin sun sami masu karyar masara ne a gonakin bakin rafi. Sun zo a kan babura, sun harbi waɗanda suka gudu, sun yanka waɗanda suka tsaya. Da hantsi aka fara shigo da gawarwaki a amalanken shanu, an lulluɓe su da ganyen masara don babu isassun zannuwa. Nasir ya shigo gida rigarsa sharkaf da jinin da ba nasa ba. Ya ce ya ɓuya ne a cikin kwazazzabo, da suka tafi ya taimaka aka kwaso mutane. Ya ce har da Salahuddeen, ƙanin Gide shugaban 'yan sa-kan gari, an raba mishi kai da adda. Ya zauna a bakin rijiya ya kasa cire rigar, sai ita ta cire mishi.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zagaya. 'Yan sa-kai sun tafi rakiyar wata mota zuwa Mairuwa a safiyar, kuma ɓarayin sun zo daidai lokacin da gari ba mai tsaro. Ke nan wani ya faɗa musu. Wani ya tuna wanda aka gani a kan dutse da waya.

Bayan la'asar 'yan sa-kan suka zo. Ba su yi sallama ba, ƙyauren zaure suka ɓalle. Suka ja Nasir a ƙasa ta ƙafafu, kansa yana bugun dokin ƙofa. Hamida ta miƙa Nana ga maƙwabciya ta kan katanga, ta ɗauki laftof ɗin ta bi su ba takalmi.

A gindin tsamiyar bakin kasuwa ta same su. Sun ɗaure mishi hannuwa ta baya, suna dukansa da gora da gindin bindiga, suna tambayarsa sunan wanda yake kira. Fuskarsa ta riga ta kumbura, idonsa na hagu yana zubar da wani abu da ba hawaye ba. Mutanen gari sun yi da'ira, waɗanda suka yi sallar gawa tare da shi ɗazu, suna kallo. Gide yana tsaye gefe, ƙasar kabari ba ta bar gwiwoyin wandonsa ba.

Ta kutsa cikin maza ta durƙusa gabansa. Ta ce ita ta aike shi, wayarta ce, kuma abin da ya sauko mata da shi ga shi nan. Ta buɗe laftof ɗin, ta sa manhajar ta fara daga farko. Ta yi ƙoƙarin bayani da Hausa mafi sauƙi da ta iya: kwamfuta ce ta ƙarya a cikin ta gaske, karatu ne kawai. Fararen layuka suka shiga gudu a baƙin allo, lambobi da Turanci, da sauri fiye da yadda ido zai bi.

Gide ya sunkuya ya duba. "Da wa kwamfutar take magana?"

"Ba ta magana da kowa, Yaya Gide. Wallahi ko sabis ba ta da shi. Da kanta take."

"To mi ya sa take ta rubutu, ke ba ki taɓa ta ba?"

Ta nuna allon da yatsa za ta yi bayani. Wani daga baya ya ce ai ga saƙon nan yana tafiya a gaban idon kowa. Wani ya ɗaga adda ya sauke a tsakiyar allon, gilas ya tarwatse a fuskarta, ya ƙara sara har laftof ɗin ta rabu biyu. Suka koma kan Nasir da sabon ƙarfi. Ta ga wani ya ɗana bindigar toka yana neman inda zai saita, sai ta faɗa kan mijinta ta rufe kansa da jikinta. Gorar da aka riga aka ɗaga ta sauka a damtsenta na dama. Ta ji ƙashin ya karye kafin zafin ya iso.

Wani dattijo mahauci, Baba Ɗanliti, ya riƙe bakin bindigar ya karkatar da shi ƙasa. Ya ce da Gide a hankali in dai har an fara dukan matan aure a kasuwar Daudawa, to a fara da shi. Da'irar ta ɗan ja baya. Gide ya dubi Hamida, ya dubi tarkacen da ke ƙasa, kamar wanda aka tasa daga barci.

Amma fushin bai sami inda zai sauka ba. Wani ya ambaci Mas'udu, mai kiwon shanu a gefen gari, ya ce shi ba a gan shi a jana'iza ba. Taron ya juya gaba ɗaya ya nufi can. Hamida tana ƙoƙarin kwance igiyar hannun Nasir da haƙora da hannu ɗaya lokacin da ta ji harbi daga wajen garken, sannan kukan mace. Daga baya aka ce zazzaɓi ne ya kwantar da Mas'udu a ranar, a kan tabarmarsa suka same shi.

A motar kayan gwari aka kai su asibiti a Funtuwa. Idon Nasir bai dawo ba. Ita aka ɗora mata hannu, ya warke a ɗan karkace. Ba su koma Daudawa ba, gidan mahaifinta a Ƙanƙara suka tare. Aikin duka ya tafi da laftof ɗin. Da bazara ta ari kwamfutar wata ƙawarta ta fara rubuta shi daga tushe da hannun hagu, a hankali, kuma ba ta taɓa buɗe shi in Nasir yana ɗakin ba.

Wata ranar kasuwa aka yi sallama a zaure, aka ce Gide ne. Nasir ya juya fuska bango ya ce a ce ba ya nan. Hamida ta sa hijabi ta kai ruwa. Gide ya rame, yana ɗingishi daga wani harsashi da ya same shi a cinya. Ya sha ruwan, ya tambayi jikin maigidan. Ta tambaye shi ko sun gano wanda ya kai rahoton.

Ya ce har yau bai sani ba. Ya ce bai ma tabbata akwai wanda ya kai ba.

Ta tambaye shi ina matar Mas'udu da 'ya'yanta suke. Ya ce sun tashi da sauran shanun, an ce wajen Yargoje aka gan su, bai bincika ba. Ta karɓi kofin, ta ce ya gaida gida, ta koma ciki.