Matar da Ke Cikin Rariya

"Danne wannan gefen, kar takardar ta motsa," in ji tsohon.

Mai wanki ta goge kumfar hannunta a zani ta danne. Ba aikinta ba ne, amma tun da ciwo ya cinye ƙarfin hannunsa na hagu, duk wanda ya gifta ƙofar mai fenti ya zama ma'aikacinsa. Ya sauke firam ɗin katakon da aka ɗaure wa ƙyalle shara-shara, wanda yake kira rariya, ya zuba jan fenti a bakinsa, ya ja da faffaɗar roba. Bai kai rabi ba robar ta kuɓuce masa, ya zauna daɓas a benci yana haki.

Ita ta ƙarasa jan. Da ta ɗaga rariyar sai ga fuskar nan da duk unguwar ta sani: mace tana ƙyalƙyala dariya, an toshe idanunta biyu da takardun farashi, a kanta kwandon kanti yana ambaliya da gwangwanaye da kwalabe. Shekara ashirin yana buga ta, yau ja, gobe shuɗi, ya jera a bango daf da manyan allunan talla. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, bai kuma ajiye ba. Da ragowar sitacin mai wanki yake liƙawa, don ruwan sama ya ɗauke abinsa in lokaci ya yi.

Fuskar ta marigayiya matarsa ce. Ta ƙare ƙuruciyarta a tsaye tana sallamar masu sayayya a wani babban kanti, har suka sa hotonta a talla. Da ƙafafunta suka fara kumbura sai suka sallame ta, suka bar hoton a ƙofa yana yi wa mutane maraba.

"Sarauniyar kumfa," ya ce da numfashinsa ya dawo, "alfarma zan roƙa. In na tafi, ki wanke rariyar nan tas, kafin ɗana ya iso."

"Ina za ka, Baba? Kai da tsakar gida ma ta gagare ka."

"Inda za ni ai ɗaukar mutum ake yi."

Ta so ta yi dariya, ta kasa.

Ya ce, "Ɗan nawa ya samo kamfani, za su buga fuskar uwarsa a riguna da jakunkuna. Sun sayar da dariyarta tana raye, kar su ƙara."

Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa marar lafiya don ya sha magani.

Kwana huɗu bayan nan ta kawo masa rigarsa da ta goge, ta yi sallama sau uku shiru. Da ta leƙa, yana kwance ya fuskanci bango, rai ya yi halinsa. Hannunsa a wanke fes, abin da ba ta taɓa gani ba. Kafin gidan ya cika da mutane ta sunkuci rariyar ta cusa bayan teburin gugarta.

Sai wanke rariyar ya gagare ta, ta kasa ko sa mata ruwa, ita da ba tabon da ya taɓa fin ƙarfinta. Tana guga tana jin kamar akwai mai tsayuwa a bayanta. In ta fita kai wa mutane kaya, kowane lungu matar nan ce, ruwa ya fara sale ta, wani wurin rabin baki ya rage, wani wurin farashin kawai. Ba ta taɓa ganin matar da rai ba, amma tsoronta take ji, kuma tausayinta ya fi tsoron.

Rana ta uku ɗan marigayin ya tsaya a ƙofarta. Matashi ne mai ladabi, takalminsa sai sheƙi yake.

"Mama, don Allah ba ki ga wani firam a ɗakin Baba ba?"

"Me za ka yi da shi?"

"Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu so. Sun ce sai na asali, wanda hannunsa ya taɓa. Wai yanzu da ya rasu ne abin ya yi daraja." Ya sunkuyar da kai. "Amma uwata ce, Mama. Ina ɗan shekara tara ta rasu. Baba kuwa ya fi magana da katakon nan a kaina. Katakon kaɗai ya rage min daga su biyun."

Ta duba idonsa ta ga ƙwalla, ta rasa ko ta uwar ce ko ta kamfanin. Abin da ya fi damunta, ta ga kamar shi ma bai sani ba.

"Ka dawo gobe, ɗana."

Washegari da hantsi ta jingina rariyar a bakin famfo. Ta zuba bilic, ta sa burushi. Kwandon ya fara narkewa, gwangwanayen suka bi, jan ruwa ya gangara kwata. Tana dirza tana neman gafara, ba ta san wurin wa ba. Ta ɗauraye sau uku, ta rataye a igiya tsakanin zannuwan gadon mutane.

Da rana ta bugo ta baya sai ta matso ta duba. Fentin shekara ashirin ya riga ya rina zaren. Ba abin da zai ƙara buguwa, amma matar tana nan, dishi-dishi kamar numfashi a jikin madubi, tana dariyarta.

A haka ɗan ya same ta. Ya daɗe a tsaye, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa bai matsa ba.

"Ke kika wanke?"

"Shi ya sa ni. Na yi masa alkawari."

"Yanzu ba za ta bugu ba ke nan."

"Ba za ta bugu ba."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya bar ta har ta gaji. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa ƙyallen, ya fasa.

"Zan iya tafiya da ita?"

"Bari ta bushe tukuna."

Ya kife wani bokiti ya zauna a ƙarƙashin igiyar, ya haɗa gwiwoyinsa, yana jira.