Jan Fenti a Bangon Mai Agogo

"Miƙo min bokitin nan, 'yata, kafin fentin ya bushe."

Haka na tarar da Baba Mai Agogo durƙushe a ƙofar gidansa, yana dirzar bango da soson waya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Da safiyar ranar ma'aikata daga ofishin birni suka bi layinmu da gwangwanin jan fenti, suna rubuta lamba a jikin gidaje. Namu sittin da biyu, nasa sittin da uku.

"Baba, ai cewa suka yi tallafi birni ya samu, za a sake wa gidajen unguwar nan rufi."

"Kyauta?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Tun da kike, kin taɓa ganin hukuma ta tuna da mu ba da katafila ba? Gidan ubana ma jan fenti aka fara sa masa. Wata uku ya zama fili. Yau shaguna ne a wurin."

Na miƙa masa bokitin. Ni ma fa ban yarda da su ba. Matar da ke riƙe da takardunsu murmushinta ya yi yawa, kuma na ga yadda take auna tsakar gidanmu da ido. Mai son yi maka rufi, me ya haɗa shi da faɗin filinka?

"Ke ma ki goge taku."

"To, Baba."

Ban goge ba. Wani tsohon ƙyaure na jingina a kai. Na ce wa maigidana, in rusau ne soso ba zai hana ba, in kuma rufi ne mun tsinci dami. Shi kuwa Baba na bar shi yana zaton bakinmu ɗaya.

Sau biyu suna sake rubuta masa, sau biyu yana gogewa. A na uku matar ta ce, "Baba, in ba lamba, kafintoci tsallake gidan za su yi."

"Su tsallake mana! Abin da nake roƙon Allah ke nan."

Bayan wata biyu sai ga mota shaƙe da kwanon rufi. Aka yi namu, aka tsallake nasa. Yana zaune a teburinsa da buɗaɗɗen agogo a hannu, ƙarar guduma ta cika layi, bai ɗago ba sai da na zo wucewa.

"Ashe ba ki goge ba."

Na sunkuyar da kai don kunya, shi kuwa ya ci gaba.

"Ba komai. Ki dai ɓoye takardar gidanku wuri mai kyau. Za su dawo su ce rufinsu ne, ku fita daga ƙarƙashinsa."

Na je ofishin har sau biyu don a sa gidansa cikin tallafin. Suka ce an rufe, sai zagaye na biyu. Yaushe? Babu wanda ya sani.

Damina ta shigo da ƙarfi. Ɗakinsa ya riƙa yoyo har kan gado, tari ya kama shi, ya ƙi saki. Na roƙe shi ya dawo falonmu.

"In fita su ce kango ne ba mai shi? Ina nan."

Ranar da zai rasu, da hantsi, na kai masa ruwan zafi. Ya rame, numfashinsa na fita da ƙyar. Sai ya kama hannuna.

"Ji. Ƙarar babbar mota."

"Motar shara ce, Baba."

"Leƙa dai ki gani."

Na leƙa. Motar shara ce. Kafin in juyo in faɗa masa, rai ya yi halinsa.

Har yau abin yana cina. Da na janye ƙyauren nan na ce masa, Baba, ni tsoro bai hana ni barin lambarmu ba, wataƙila da ya yi tunani. Wataƙila kuma da ya daina gaishe ni. Takardar gidanmu dai na ɗinke ta cikin matashi, don ban ce ƙarya ya yi ba.

Bayan an binne shi, 'yarsa ta zo daga garin da take aure, muka shiga kwashe kayansa. Muna cikin naɗe zannuwa ruwa ya tsuge. Ɗigo ya fara sauka daidai inda kansa yake kwanciya. 'Yar tasa ta ɗauko kofin shayinsa ta tara. Muka zauna a bakin gadon, mu biyu, muna jiran ya cika.