Jirgin Dogo a Kan Teku

"Da bakinka ka ce min kusa ne!" Umma ta faɗa, tana nuna Kawu da ludayi. "Ka ce kafin in sauke tukunya jirgin Dogo ya sauka."

"Haba Yaya, ai duk Asiya ce," in ji Kawu. "Na auna a taswirar yaron nan, ko tafin hannuna bai cika ba."

"Tafin hannunka! Da shi jirgi yake tafiya?"

Kawu ƙanen Umma ne, direban tasi. Ko'ina a wurinsa nan kusa ne.

Wana Dogo mai walda ne. Aikinsa ya ƙare a Doha, ya samu wani a Kuala Lumpur. Da safe ya kira ya ce za su tashi. Tun daga nan Umma ta ce ko ruwa ba za ta sha ba sai ta ji muryarsa.

Ni ina ƙasa a bakin soket, na danne cajar wayata da babban yatsa, don in ka saki ta daina ci. A wayar akwai ɗan jirgi rawaya da ke rarrafe a kan taswira. Tun farko na gaya musu awa bakwai ne da ɗoriya, kusan kilomita dubu shida. Ba wanda ya saurare ni. Tun da na gama sakandare na zauna gida, maganata ta rage nauyi.

Abin da ban faɗa ba shi ne, ɗan jirgin ya tsaya. A tsakiyar shuɗin teku, ba ƙasa ta kowane gefe. Na rufe, na buɗe. Yana nan. Na kashe wayar na kunna. Yana nan.

"Auta, ina yake yanzu?" Umma ta tambaye ni.

"Yana tafiya."

Na kife wayar a cinyata. Fanka na ta ƙara. Na tuna ranar da Dogo zai tafi, ya bar min takalminsa, ni kuwa ko rakiya ban yi masa ba saboda wani fushi na banza.

Na daɗe ban duba ba. Da na ɗaga, ɗan jirgin ya yi tsalle, har hancinsa ya taɓa kore. Na saki cajar. Sai a lokacin na ga yatsana ya yi fari.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Umma ta fizge ta.

"Dogo? Kai ne?"

"Ni ne, Umma. Barci na sha tun daga sama har ƙasa. Ƙafafuna ne kawai suka ƙi miƙewa, kujerar ta gajeru ce."

Umma ta zauna daɓas a kan tabarma, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ta miƙo hannu, na ba ta kofin ruwa, ta shanye tas. Ƙaurin tukunya ya cika falon, ba wanda ya tashi.

"Ba na ce zai sauka ba?" in ji Kawu.

"Rufe min baki, mai tafin hannu."

Dogo ma yana dariya daga can, muryarsa na zuwa a makare. Umma ta ajiye kofin, ta matso da wayar bakinta.

"To, daga nan inda kake zuwa gida fa, awa nawa ne?"